RANAR DA AKA HANA SU TANKARI FILI: Shafi na 19

Assalamu alaikum masu bibiya. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allah da ta ce in ban saki shafin nan ba za ta biyo ni gida. Wuta ce ta yi mana yaji a unguwa, waya ta mutu. Masu cewa Saddique mutumin kirki ne da masu cewa munafuki ne, don Allah ku bar zage-zage a ƙasan rubutuna. Kowa ya karanta da idonsa.

*

"Meyo."

Abin da maigadin ya ce ke nan, ya tsaya a bakin ƙofar ƙarfen ya harɗe hannuwa. Da yaren Sin kalmar tana nufin babu, kuma duk ɗan kasuwar da ya kwana biyu a Guangzhou ya san ta kafin ya san sunan titin da yake kwana.

Tankari ya ɗauka wasa ne. Mutumin nan ya fi shekara yana buɗe musu ƙofa duk ranar Lahadi, yana shan shayinsu, har "sannu" ya iya.

"Nihawu, lawban," in ji Tankari yana murmushi, wato sannu maigida, ya ɗaga faifan robar da ke hannunsa. "Mu ne hwa."

Maigadin ya ƙi haɗa ido da shi. Ya zana siffar kati a iska da yatsa, ya nuna ƙirjinsa inda ake rataya shi, ya sake girgiza kai.

A bayan Tankari abokan wasansa ne tsaye, duk 'yan kasuwa. Sabiru, ɗan garinsu Maraɗi wanda suke haɗa kayan babur tare, yana rungume da murhun shayi da rediyo. Sai Hajiya Adizatu, babbar 'yar kasuwar atamfa daga zangon Nima a Accra, wadda yau ce zuwanta na farko, don likita ya ce ta riƙa taka ƙasa saboda gwiwa.

Ta saman ƙofar ana hango filin. Mista Liyang ne ya kafa shi a gindin dutsen Baiyun, bayan wata tsohuwar masana'antar bulo. Ɗan Sin ne da ya yi karatu a Amurka, ya dawo da kwandunan ƙarfe masu sarƙoƙi ya kakkafa a tsakanin itatuwa. Ka tsaya daga nesa ka jefa faifai, inda ya faɗi ka sake jefawa, har ya shiga kwando. Wanda ya fi ƙarancin jifa shi ya ci. A wannan damina ta 1998 mutane iri biyu ke shiga filin. Akwai 'yan kulob masu shirin gasar Hong Kong, da jakunkuna cike da faya-fayai da tawul a kafaɗa, ba mai tari in wani zai yi jifa. Akwai kuma su Tankari, faifai ɗaya ga mutum uku, da silifa da dogayen riguna, ana jifa ana shewa.

Tankari ya kasa tsayawa wuri ɗaya. Ya je jikin katanga ya dawo, yana buga faifan a cinyarsa. Tun ranar Juma'a ransa bai kwanta ba. A masallacin Huaisheng ya ga Saddique a sahun gabansa, ana sallamewa ya neme shi ya rasa. Ya aika masa kira ta ɗan akwatin saƙon da kowa ke maƙalawa a ƙugu, shiru. Saddique kuwa ba baƙo ba ne. Lokacin da kasuwa ta karye a Bangkok ya sauko Guangzhou da jaka ɗaya, a ɗakin Tankari ya zauna. Tankari ne ya fara kawo shi filin nan. Kuma bayan babbar Sallah za a ɗaura masa aure da Balkissa, ƙanwar Tankari da ke koyarwa a Yamai.

"Aikin Liyang ne," in ji Sabiru. "Na daɗe da sanin ba ya son ganinmu."

"To ya hito ya hwaɗa mani da bakinshi."

Tankari ya kama ƙarfen ƙofar ya jijjiga. Maigadin ya tsorata ya ruga ciki. Ba a jima ba sai ga Mista Liyang ya taho da sauri, siriri mai tabarau, da hular rana. Ya tsaya ta ciki ya yi magana da Turanci.

A nan gizon yake saƙa kullum. Tankari Faransanci ya yi a makaranta, Turancinsa bai wuce na ciniki ba. Duk maganar da ta taɓa shiga tsakaninsa da Liyang, Saddique ne tafinta.

"A kira Saddique," in ji Tankari.

"A kira shi ya yi me?" Hajiya Adizatu ta matso tana gyara mayafi. "Ni Turancin nawa na ado ne? Matsa, ƙanena."

Ta yi magana da Liyang. Ya dube ta, ya dubi Tankari, sannan ya ce a buɗe wa su biyun kawai. Sauran suka koma ƙarƙashin bishiyar da ke bakin hanya, Sabiru ya fara hura gawayi yana ƙunƙuni.

A wata 'yar rumfar kwano Liyang ya ba su benci. Hajiya ta zauna. Tankari ya ƙi zama.

"Hajiya, tambaye shi, mi muka yi mashi?"

Ta tambaya. Liyang ya yi bayani a hankali, yana juya hularsa a hannu.

"Ya ce shi ba ku yi masa komai ba. Ya ce dokar kati ba daga shi ta fito ba, a taron kulob aka kawo ta."

"Wa ya kawo ta? Turawan nan?"

Hajiya ta sake tambaya. Da ta ji amsar sai ta dubi Liyang ta maimaita tambayar, ya gyaɗa kai.

"Hajiya, ke nake jira."

"Ya ce Sid."

"Wane ne kuma Sid?"

"Saddique ɗinku. Haka suke kiransa a nan."

Tankari ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. "Ba ki ji da kyau ba. Sake tambaya."

"Na ji paa, sarai na ji. Ya ce Saddique ne ya miƙe a taro ya ce mutanensa ba su san darajar wasa ba. Kuna kunna rediyo, kuna ƙona ciyawa da gawayi, kuna ratsa gaban mai jifa, ba kwa bin layi. Ya ce in ana son a yi shirin Hong Kong cikin natsuwa, a rufe muku ƙofa."

Tankari ya matse faifan da ke hannunsa. Liyang ya ci gaba da magana, wannan karon idonsa a kan Tankari, muryarsa da ɗan ɗaci.

"Yana cewa shi ma yana da tambaya," in ji Hajiya. "Me ya sa ka raina gayyatarsa?"

"Wace gayyata?"

"Ya ce ba sau ɗaya ba ya roƙe ka ka shiga kulob, ka bi su Hong Kong. Ya ce a filin nan kaf ba mai hannunka, in ka jefa faifai kamar ba zai sauko ba. Abin da ya rage maka ka koyi ƙa'ida kawai, kuma shi da kansa ya so ya koya maka."

"Ni? Yaushe?"

"Ya ce a gabanka ya faɗa, Saddique ya fassara maka, ka yi dariya. Sai Saddique ya ce masa wai ka ce wannan wasan yara ne, kai ba ka da lokacin bin dokar wani."

Tankari ya dafa ginshiƙin rumfar. Ya tuna ranar. Liyang ya zo yana ta magana yana nuna hannun Tankari, shi kuma ya tambayi Saddique me yake cewa. Saddique ya ce wai yana tambaya ko duk mutanen Maraɗi haka suke da dogayen hannuwa kamar sandar rake. Shi ya sa ya yi dariya. Har ya dafa kafaɗar Liyang don jin daɗin barkwancin.

"Hajiya, ce mashi ban taɓa jin wannan magana ba sai yau."

Ta faɗa. Liyang ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Ina yake?"

"Tankari, zauna tukuna ka sha iska."

"Ina yake, Hajiya?"

Liyang ya gane tambayar ba tare da tafinta ba. Ya nuna can ƙarshen fili, wajen kwando na bakwai, kusa da katangar baya.

Tankari ya fita. Bai bi 'yar hanyar gefe da aka ware wa masu wucewa ba, ta tsakiyar fili ya ratsa. Wani Bature da ya riga ya ɗaga hannu zai yi jifa ya tsaya cak, ya buɗe hannuwa yana kallonsa. Wata mata ta ɗora yatsa a leɓe. Tankari bai ko waiga ba. Silifansa na ƙara fat-fat a jiƙaƙƙiyar ciyawa, gefen rigarsa ya jiƙe, zafin garin mai ɗanshi ya manne masa a jiki.

Ya hango shi. Saddique gajere ne mai faɗin ƙirji, yau cikin gajeren wando da farin takalmin gudu da hular rana irin ta Liyang. Yana tsaye 'yan taku kaɗan daga kwandon, ya saita faifai a gaban fuskarsa. Abokan zagayensa, Turawa biyu da wani ɗan Sin mai masana'antar takalma, sun koma bayansa sun yi tsit kamar ana huɗuba.

"Saddique."

Kafaɗarsa ta motsa, amma bai juyo ba. Ɗaya daga Turawan ya ɗaga wa Tankari hannu alamar ya dakata.

"Ko Sid zan ce, ka ji ni?"

Saddique ya saki faifan. Ya bugi bakin kwandon ya faɗo, ya gangara cikin ciyawa. Wani ya ja tsaki a hankali.

Sai da ya je ya ɗauki faifan, ya goge shi da tawul, ya ce wa abokansa wani abu da Turanci suka wuce gaba, sannan ya juyo.

"Yaya, ba a yi wa mutum magana yana jifa. Na sha faɗa maka."

"Ko sallama babu?"

"Wa'alaikumus salam. Wa ya bar ka ka shigo?"

"Liyang. Na zo da tafinta wadda ba ta ƙara gishiri."

Saddique ya kalli can wajen rumfa, ya hango mayafin Hajiya Adizatu.

"Mu je gefe."

"A nan za mu yi ta. Kai ka ce a ruhe mana ƙohwa?"

"Ni ne."

Tankari ya so a ce ya musa. Ya zo da shirin ƙaryata shi, sai ga shi an bar shi da hannu wofi.

"Kuma kai ka ce ma Liyang na raina wasanshi?"

Saddique ya shiga naɗe tawul a hannu.

"Da kai nake."

"Da ka shiga kulob, Yaya, da kwana nawa za ka yi? Kai da ba ka iya yin shiru na minti ɗaya ba. Za ka zo da rediyo, ka zo da Sabiru, Sabiru ya zo da gawayi. A Hong Kong za ka tsaya kana wa alƙalin wasa barkwanci."

"Sai ka bari in ji da kunnena in ƙi da bakina."

"Ka san wahalar da na sha kafin mutanen nan su daina kallona kamar wanda ya ɓata hanya? Na sayi takalmi, na haddace dokokinsu, ina zuwa tun rana ba ta yi zafi ba ina atisaye ni kaɗai. Sai na fara samun wuri, sai ku shigo kuna ihu, su juyo su kalle ni. Ba ku suke kallo ba, ni suke kallo. In baƙar fata ɗaya ya yi abu a garin nan, duk mu muka yi."

"Kunyarmu kake ji."

"Ina jin kunyar abin da kuke yi."

"Lokacin da kake kwana bisa tabarmata kana cin tuwon da Sabiru ya tuƙa, ba ka ji kunyar gawayinshi ba."

"Ban manta ba."

"Ka manta. Kuma ba rediyo ba ne ya dame ka. Liyang ya ce hannuna ya hi naka, shi ne abin da ya tsaya maka a wuya."

Fuskar Saddique ta canja. Ya jefar da tawul ɗin kan jakarsa.

"E, ya tsaya mini. Kai ka zo da silifa kana dariya ka jefa, ya wuce inda ni nake kaiwa bayan wata da watanni ina fama. Kuma ko a jikinka, wasa ne kawai a wurinka. Mutum huɗu za su Hong Kong. In ka shiga, ni zan fita. Ka ji gaskiyar, tunda ita kake so."

Tankari ya tsaya yana kallonsa. Wannan ne mutumin da ya kai hotonsa Yamai da hannunsa, ya zaunar da mahaifiyarsu ya ce mata ya samo wa Balkissa miji mai amana.

"A kan faifan roba," in ji shi a hankali. "A kan faifan roba ka yi shekara kana mani ƙarya ina kallon bakinka. To in ka iya juya maganar Liyang, maganar wa kuma ka juya? Masu masana'antar da kake raka ni wurinsu hwa?"

"Wallahi ban taɓa cutar ka a kasuwa ba."

"Da mi zan gane?"

Saddique ya kau da kai. Tankari ya ci gaba.

"Yau zan buga waya Yamai. Zan ce ma Balkissa ta dakata da ɗinki."

"Yaya, kar ka sa ta a ciki."

"Kai ka sa ta. Wanda ya ji kunyar yayanta a gaban baƙi, gobe ita zai ɓoye a ɗaki in abokanshi sun zo."

Ya juya zai tafi. Saddique ya sha gabansa da sauri.

"Ka buga wayar in ka ga dama. Amma ka fita ta ƙofar masana'anta, kar ka bi ta gaba. Kuma ka ce wa su Sabiru su watse yanzu."

"Har korar ma sai ka zaɓa mani ƙohwa?"

"Ba kora ba ce. Ka saurare ni sau ɗaya." Ya waiga ya ga ba kowa kusa, ya rage murya. "Ka tuna Lahadin da ta wuce, da ka buɗe jakata ka ɗauki jan faifaina?"

Tankari ya tuna. A nan wajen ne ma. Sun ci karo da su Saddique, ya zura hannu a jakar ba tare da tambaya ba, don ya tsokane shi a gaban Turawa. Ya ce wa su Sabiru su kalli yadda ake jifa da ido rufe. Ya juya, ya rufe ido, ya saki. Faifan ya tsallake katangar baya ya ɓace, kowa ya fashe da dariya, shi kuma ya ce zai saya masa wani.

"In kuɗin faifan ne…"

"Wannan ba irin naku ba ne mai taushi. Na jifan nesa ne, bakinsa kamar wuƙa. Shi ya sa ake duba gaba kafin a sake shi, shi ya sa ake ihun gargaɗi in ya kauce. Kai ba ka duba ba, ba ka yi ihu ba. Bayan katangar nan lambu ne, Yaya. Akwai wani tsoho yana ban ruwa."

Tankari ya juya ya kalli katangar. Bulo ne ja, da wata 'yar ɓaraka a tsakiya inda ya zube. Ta cikin ɓarakar ana ganin koren ganyen kabeji.

"A ido ya same shi," in ji Saddique.

"Ƙarya kake."

"Sunana da lambar akwatin saƙona suna rubuce a bayan faifan, haka doka ta ce kowa ya yi. Washegari ɗansa ya kira ni. Na je asibiti na gan shi. Tun ranar nake zuwa."

"Kuma ba ka hwaɗa mani ba?"

"Na ce musu ni ne na jefa. Tsohon ya ce a'a. Ya ce kafin abin ya same shi ya leƙo ta ɓarakar nan saboda hayaniya, ya ga dogon mutum da doguwar riga yana juyi yana dariya. Ni kuwa ka gan ni. Ɗan ya ce sai na nuna masa mutumin, na ce ban san shi ba, baƙo ne ya wuce. Ya ce to zai riƙa zuwa duk Lahadi har ya gan shi. Shi ne na je taro na ce a rufe ƙofa."

Tankari ya ja da baya. Ya nemi abin dafawa, hannunsa ya faɗa kan sarƙoƙin kwandon, suka yi ƙara. Dariyar ranar ta dawo masa a kunne, tasa ta fi ta kowa ƙarfi.

"Idon hwa?"

"Ranar Juma'a likita ya ce ba zai ƙara gani da shi ba. Shi ya sa na kasa tsayawa mu gaisa a masallaci."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ya durƙusa, ya miƙe, ya yi taku biyu ya dawo. Ya cire hularsa ya share fuska da ita. Tsoho. Mai ban ruwa. Mahaifinsa ma lambu ya yi har ya rasu, a bakin gulbin Maraɗi.

"Liyang ya sani?"

"Bai sani ba."

"Don mi?"

"In ya sani dole ya kai rahoto. In rahoto ya je, za a rufe filin."

"In an ruhe fili kuma babu Hong Kong." Tankari ya ɗago ya dube shi. "Saddique, don ni ka ɓoye, ko don gasarka?"

Saddique ya sunkuyar da kai. Idonsa ya cika da ruwa.

"Ban sani ba, Yaya. Wallahi ni ma na tambayi kaina. Duka biyun ne."

"Kai ni asibitin."

"Ba yau ba."

"Yanzu za ka kai ni. In durƙusa gaban tsohon nan in ce ni ne."

"Ka tsaya ka ji. Ɗan ya daina maganar sulhu tun da likita ya yi magana. Ya ce hukuma zai kai. In suka kama ka, ba wanda ya san ranar fitarka. Kayanka na tashar jirgin ruwa ba a loda ba, mutane nawa ne a Maraɗi suka ba ka amanarsu? Inna fa, wa zai faɗa mata? Bari in nemi dattawan masallaci su shiga tsakani, sannan ka fito."

"Da ka hwaɗa mani tun ranar, da yanzu dattawan sun gama."

"Na sani."

Sai suka ji ana kiran sunan Tankari. Hajiya Adizatu ce ta taho tana ɗingishi, ta riƙe gwiwa da hannu ɗaya, mayafinta ya zame. Tun daga nesa take yi musu alama da hannu.

"Ku zo bakin ƙofa. 'Yan sanda ne."

Saddique ya riƙe hannun Tankari. Tankari ya ja shi suka tafi tare, rabi gudu rabi tafiya, har suka kai bayan rumfar kwano inda ake ganin ƙofa ba a gan ka ba. 'Yan kulob sun bar wasa sun taru, Liyang na gaba yana tambayar abin da ya faru.

Mota ce fara a bakin hanya. 'Yan sanda biyu, da wani ɗan Sin matashin magidanci cikin rigar aiki, jan faifai a hannunsa. Yana bin 'yan kasuwar da ke ƙarƙashin bishiya da kallo ɗaya bayan ɗaya. Rediyo na ta yi, ba wanda ya tuna ya kashe.

Sabiru ya miƙe da butar shayi a hannu, don ya ga ko lafiya. Dogo ne shi ma kamar Tankari, kuma doguwar riga ce a jikinsa.

Mutumin ya ɗaga faifan ya nuna shi.

Ɗan sanda ɗaya ya karɓe butar ya ajiye a ƙasa, ɗayan ya miƙa hannu yana neman fasfo. Sabiru ya shafa aljihu, ya waiga wajen fili yana neman Tankari da ido. Tankari ya san abin da ke cikin fasfon nan. Bizar Sabiru ta ƙare tun watan jiya, yana jiran a loda kaya ya tafi gida ya ga jaririyar da aka haifa masa.

"In ka fita, ku biyu za su ɗauka," in ji Saddique a kunnensa, yana ƙara matse masa hannu. "Ba za ka cece shi ba. Ka tsaya, don girman Allah."

Aka juya hannuwan Sabiru baya. Bai yi gardama ba, sai cewa yake da Hausa, ga mutanen da ba sa jin ko kalma ɗaya, "Mi na yi? Ku hwaɗa mani mi na yi."

Tankari ya dubi yatsun Saddique a kan hannunsa. Ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya.

"Hajiya," in ji shi, "zo ki yi mani tafinta. Abin da na ce shi za ki ce ma Liyang, shi kuma ya hwaɗa masu, kar ki rage komi."

Ya fito daga bayan rumfar ya nufi ƙofa.